Yadda kitso ya kai mata kotu a Amurka

Da aka ce mu na ajin yaƙi da jahilci mu kawo wani abu a takardar bikin bana, sai muka zaɓi wani tarihi da malamarmu ta karanta mana, don ya taɓa sana'ar da yawancinmu muka tashi muka tarar a tsakar gida, wato kitso.

A Amurka kowace jiha ita ke yin dokar sana'o'inta. Wani mutum mai suna A. B. Moler ya buɗe makarantar koyon aski a birnin Shikago a 1893. A 1897 jihar Minesota ta fara cewa ba wanda zai yi aski don kuɗi sai da lasisi. Dalilin da aka bayar shi ne tsafta, domin aska ɗaya da tawul ɗaya suna yaɗa ciwon fata daga wannan kai zuwa wancan. Amma masu askin da suka riga suka kafu su ma sun matsa a yi dokar, don sababbin shiga suna karya musu farashi. Daga baya aka haɗa da masu gyaran gashin mata. Kowace jiha ta kafa hukuma mai yanke awa nawa za a yi a makaranta, me za a koyar, da irin kayan da makarantar za ta tanada.

To ga inda matsalar take. Makarantun nan suna koyar da yanka gashi, rini, da shafa man miƙar da gashi. Kitso kuwa ba ya cikin darasin, ko kuma ɗan kaɗan ne. Duk da haka hukumomi suka ce mai kitso ma sai ta kawo wannan lasisin.

Jestina Clayton 'yar Saliyo ce, tun tana yarinya ta iya kitso. A jihar Yuta aka ce mata sai ta yi awa 2,000 a makaranta. Mun yi lissafi a aji: in kina zuwa awa 40 a mako, mako 50 ke nan, kusan shekara cur ba ciniki, ga kuɗin makaranta. Ta kai ƙara, kuma a 2012 alƙalin kotun tarayya ya ba ta gaskiya.

Wadda ta fi ba mu tausayi ita ce Isis Brantley ta birnin Dalas a jihar Teksas. A 1997 'yan sanda suka shiga shagonta suka kama ta, laifinta kitso ba lasisi. Ta yi shekara goma tana fafutuka, sai a 2007 jihar ta ce masu kitso su yi karatun awa 35 kawai. Amma da ta so ɗalibanta su samu takarda ta hannunta, aka ce sai ta mai da wurinta cikakkiyar makarantar aski: fili mai murabba'in ƙafa 2,000, kujerun aski 10, da wurin wanke kai guda 5. Kun ji fa, sana'ar da kayan aikinta kibiya ne da mataji da yatsu! A farkon 2015 kotu ta ce wannan sharaɗi ba shi da hujja, kuma a shekarar jihar ta cire wa kitso lasisi gaba ɗaya.

A jihar Misisipi kuwa, bayan ƙarar da Melony Armstrong ta shigar, an yi sabuwar doka a 2005. Mai kitso za ta yi rajista da dala 25, ta amsa tambayoyi kan tsafta, ta lika ƙa'idojin tsafta a shagonta, shi ke nan. Wannan ita ce ta fi kwanta mana a rai, don ba ta watsar da lafiyar jama'a ba, ba ta kuma rufe wa talaka ƙofa ba.

Ba muna cewa doka ba ta da amfani ba ne. Wadda ke shafa wa mutane mai mai ƙona fatar kai, dole ta san abin da take yi. Dukkanmu mun taɓa ganin yaro da makero a kai bayan aski da rezar da ba a canza ba. Abin da muka lura shi ne, ranar da aka rubuta waɗancan dokoki ba mai kitso ko ɗaya a wurin, shi ya sa aka auna su da ma'aunin wata sana'a, kuma gyaran ya ci shekaru da zaman kotu.

Saboda haka muna da roƙo biyu ga shugabanninmu. Na farko, masu kitso da masu lalle na cikinmu su zauna su tsara ƙa'idar tsafta da kansu: wanke mataji da kibiya bayan kowane kai, da sabuwar reza ga kowane mutum. Na biyu, a buɗe littafi a riƙa rubuta sunan duk yarinyar da ta koyi sana'a a hannun mamba, da wata nawa ta yi. In wata rana hukuma ta zo da zancen rajista ko takarda, za ta tarar muna da namu tsarin a rubuce, kuma mu je mata da sunan ƙungiya, ba ɗaya-ɗaya ba.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a jarinmu, ya maimaita mana na baɗi. Amin.