Daga Leiden zuwa Oxford: Tarihin Binciken Gauraye da Ratsawar Zafi a Ƙanƙarar Dutse

Ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwaz, haɗin silikon ne da iskar oksijin, kuma sinadarinta ɗaya da gilashin silika. Bambancinsu tsari ne: zarrar kwaz a jere take sahu-sahu, ta gilashi kuwa a hargitse. A shekarar 1911 Arnold Eucken ya nuna cewa idan aka sanyaya kwaz ƙarfinsa na isar da zafi ƙaruwa yake yi, na gilashi kuma raguwa. Wannan maƙala tana bin sawun yadda aibin da ke cikin dutsen, wanda da farko ake ɗauka cikas ne ga awo, ya koma abin awon kansa.

Peter Debye a 1914 da Rudolf Peierls a 1929 ne suka shimfiɗa ka'idar. A dutsen da ba ya ɗaukar lantarki, girgizar zarra ce ke dakon zafi, a dunƙule-dunƙulen da ake kira fonon. Sanyi na rage karon da fonon ke yi da juna, don haka tafiyarsu ke tsawaita. Bisa wannan lissafi, kamata ya yi isar da zafi ta yi ta hauhawa. Amma da W. J. de Haas da Th. Biermasz suka auna kwaz a Leiden a 1935, sai suka tarar tana kai ƙololuwa a wajen kelbin 10, sannan ta gangaro. Hendrik Casimir ya warware matsalar a 1938: a irin wannan sanyi fonon na tafiya har ya bugi bangon dutsen, wato kaurin sandar da ake aunawa shi ne iyaka.

Saura tambayar tsayin ƙololuwar, kuma a nan ne gauraye ke shigowa. Zarra bare guda ɗaya tana watsa fonon mai gajeren zango ƙwarai, amma mai dogon zango wuce ta yake yi kamar ba ta nan. Tun da sanyi mai tsanani fonon masu dogon zango yake bari, tasirin gauraye ya fi bayyana a kusa da ƙololuwa, ba a can ƙasa ba. Wahalar ita ce kowane dutse da aka haƙo da nasa gaurayen, ba a iya kwatanta biyu da tabbaci.

A ganina, a Oxford tarihin ya juya. A ɗakin bincike na Clarendon, ƙarƙashin Franz Simon, wanda ya baro Jamus a 1933, Robert Berman ya daina neman dutse marar aibi, ya ɗauki guda ɗaya ya lalata shi da gangan. Aka yi masa ruwan niyutiron sau da dama, ana aunawa bayan kowane zagaye. Sakamakon da aka buga a 1950 da 1951, tare da nazarin Paul Klemens, ya nuna ƙololuwar tana durƙushewa, layin awon yana matsowa kusa da na gilashi. Da aka gasa dutsen kuma, sai akasarin ƙarfinsa ya dawo. Lallai ɓarnar niyutiron ba gauraye ba ce a ma'anar kimiyyar sinadarai, amma ita ta ba da damar ƙara aibi da mudu. Shekara 20 bayan haka, a 1971, Zeller da Pohl na Jami'ar Cornell suka nuna cewa ƙasa da kelbin 1 gilashi na bin wata doka dabam da ta kwaz, abin da ya buɗe wani fagen bincike mai zaman kansa.

Gaurayen asali kuwa masana'antar sadarwa ce ta matsa a gano shi. Mafi yawansa alminiyam ne da ke zama a gurbin silikon, yana jawo sodiyam, litiyam ko haidurojin domin cike gibin caji. Shi ne ke mai da dutsen ruwan hayaƙi idan tururin nukiliya ya taɓa shi. A 1959 J. C. King na Bell Laboratories ya ba da rahoton cewa kwaz mai kaɗawa yana asarar ƙarfi sosai a wajen kelbin 50, daga baya aka danganta hakan da alminiyam mai riƙe da sodiyam. Maganin da aka samo shi ne a ɗumama dutsen zuwa kusan digiri 500 na Salshiyas a sa masa ƙarfin lantarki, sodiyam ya fice ta ramukan da ke bin tsawon dutsen, haidurojin ya maye gurbinsa. Irin wannan sharerren kwaz ake zaɓa wa na'urorin tauraron ɗan'adam, inda tururi ke iya karkatar da bugun agogo.