Fadar Osaka da Ganuwar da Aka Binne

Da wuya baƙo ya je birnin Osaka na Japan ya dawo ba shi da hoton fadar nan mai farin bango da koren rufi. Akasari suna ɗauka ginin Toyotomi Hideyoshi ne, jarumin da ya haɗa kan ƙasar, wanda ya fara gina fada a wurin a 1583. Ba tasa ba ce.

Ta Hideyoshi ta ƙone a 1615, lokacin da rundunar gidan Tokugawa ta ci ta da yaƙi, ɗansa Hideyori ya kashe kansa. Masu nasara ba su tsaya nan ba. Daga 1620 suka jibga ƙasa suka binne ganuwarsa, suka ɗora tasu a kai, da manyan duwatsun da sarakunan yankuna suka yi ta jigilarsu ta teku. Ashe ganuwar da ake tsayawa gindinta ana yabon Hideyoshi, ta maƙiyansa ce. Tasa sai a 1959 masu bincike suka tono ta.

Hasumiyar Tokugawa kuwa aradu ta faɗa mata a 1665. Shekara 266 wurin ba hasumiya, sai a 1931 mutanen gari suka yi karo-karo aka gina ta yanzu da kankare. Wasu na raina ta, wai kwaikwayo ce. Ni dai ban ga abin raini ba: ta tsira daga bama-baman 1945, ta kuma fi biyun farko daɗewa a tsaye.