Dare Takwas na Kunta Kinte

Wasannin kwaikwayo na talabijin iri biyu ne. Akwai wanda ba a yanka masa ranar ƙarewa ba, muddin ana kallo ana ta ƙara shi. A Amurka an yi wani mai suna Guiding Light, wanda aka fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai a 2009. Da yawa cikin waɗanda suka ji farkonsa sun riga mu gidan gaskiya ba su ga ƙarshensa ba. Akwai kuma wanda tun ba a soma ba an san inda zai dire, kamar tatsuniyar da ake jiran a ce ƙurunƙus. Mafi shahara cikin irin wannan shi ne Roots, watau saiwoyi.

Wani baƙar fatan Amurka, Alex Haley, shi ya wallafa littafin a 1976. Labarin wani saurayi ne Musulmi, Kunta Kinte, mutumin Jufure ta ƙasar Gambiya, wanda aka kama a 1767 aka sayar da shi bawa a Amurka. Da kamfanin ABC ya mai da littafin wasa, sai tsoro ya kama manyansa, gama suna zaton fararen fata ba za su zauna su kalli muguntar kakanninsu ba. Saboda haka maimakon mako mako, suka jera shi dare takwas ba hutu, daga 23 zuwa 30 ga Janairu, 1977, don in hasara ce a yi ta a wuce.

Ashe wannan tsoro shi ne alherin wasan. Wanda ya kalla yau ba shi da damar mantawa kafin gobe, ga shi kuma lokacin tsananin sanyi ne, mutane na cikin gida. Daren ƙarshe an ƙiyasta mutum wajen miliyan 100 suka kalla, alhali jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 220 da kaɗan ba.

To, a ganina abin da ya riƙe su ya fi wannan. Wasan da ba shi da ƙarshe tilas ya tattala jaruminsa, domin in ya mutu kasuwa ta watse. Roots kuwa bai tattala kowa ba. An yi wa Kunta bulala har ya amsa sunan Toby da ubangidansa ya laƙaba masa. Da ya sake gudu aka sare masa rabin ƙafa. Aka sayar da 'yarsa Kizzy yana ji yana gani, ya tsufa, ya mutu cikin bauta bai sake ganin Jufure ba. Mai kallo ya sani babu wanda zai zo ya gyara wannan a mako mai zuwa. Labarin ya bi jikansa George da 'ya'yansa har aka hana bauta a 1865, suka ɗaure kaya suka nufi Tennessee, nan aka rufe.

Daga baya masana tarihi sun sami kurakurai cikin salsalar da Haley ya jero, a 1978 kuma ya biya wani marubuci, Harold Courlander, diyya saboda sassan da suka fito daga littafinsa. Duk da haka baƙi ba su daina zuwa Jufure ba, har a 2011 gwamnatin Gambiya ta sauya sunan tsibirin James, inda dā ake tsare bayi, ta sa masa sunan Kunta Kinte.