Wa Ke Yanke Diyyar Gona?

Duk manomin Buji da ƙaramar hukuma ta karɓi gonarsa don gina makaranta ko kasuwa, yana gaban dokar da ta girmi jihar Jigawa. Tun 1910 Turawa suka danƙa ƙasar Arewa a hannun gwamna, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta shimfiɗa tsarin a duk Najeriya. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma diyya ta tsaya kan abin da mutum ya zuba: shuka, itatuwa, rijiya, gini. Ita ƙasar ba a yi mata kuɗi, sai dai a ba shi wata gonar.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 47, wanda ya hana kotu duba yawan diyyar. Gardamar sai ta koma gaban kwamitin da gwamna ya naɗa da kansa. A 1986, a shari'ar Kanada da Gwamnan Kaduna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Yau sashe na 44 na kundin 1999 ne madogarar mai gona in ya kai ƙara kotu.