Tsarin Nau'i da Tarihin Rarraba Aikin Kwamfuta

Shirin kwamfuta na al'ada jerin umarni ne, ɗaya bayan ɗaya. Da aka soma haɗa na'urorin sarrafawa da dama a cikin kwamfuta guda, sai masana suka fuskanci tambaya: shin manhajar da ke fassara shiri za ta iya gano, da kanta, sassan da za a gudanar a lokaci guda ba tare da sakamako ya gurɓace ba?

Fatan hakan ya samo tushe tun 1936, sa'ad da Alonzo Church da Barkley Rosser suka tabbatar cewa a lissafin lamda, ko ta wane ɓangare aka fara warware jimla, in dai an kai ƙarshe, amsar ɗaya ce. A kan irin wannan lissafi aka gina harsunan da shirinsu aikin lissafi ne zalla. John Backus ya ƙarfafa wannan tafarki a laccarsa ta lambar yabo ta Turing a 1977.

Sai dai shirye-shirye na zahiri sukan sauya abin da ke cikin ma'ajiyar kwamfuta. Idan sassa biyu suka taɓa wuri guda a lokaci guda, amsa na iya ɓaci. A nan tsarin nau'i ya shigo, wato ƙa'idojin da ke fayyace irin bayanin da kowane sashe ke karɓa da wanda yake bayarwa. A 1978 Robin Milner na Jami'ar Edinbara ya nuna yadda na'ura za ta gano nau'i da kanta. A 1988 kuma John Lucassen da David Gifford na MIT, a Amurka, suka faɗaɗa nau'i har ya bayyana ko sashe yana karantawa ko yana rubutawa, kuma a wane yanki na ma'ajiya. Sassan da ba su shiga gonar juna ba, ana iya gudanar da su tare.

Duk da haka, burin bai cika ba. Nau'i yana nuna inda rabon aiki ba shi da haɗari, amma ba ya nuna inda yake da riba. Sau da yawa sassan ƙanana ne ƙwarai, har lokacin da ake ɓatawa wajen rarraba su ya zarce na aikin kansa. Shi ya sa a harsuna irin su Haskell da Rust, marubucin shiri ne ke zaɓen inda za a raba aiki, tsarin nau'i kuwa ya tsare shi daga karo.