Bayyana Raunukan Duka a Rahoton Likita: Abin da Kotunan Arewacin Nijeriya ke Buƙata

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda likita ke tantance raunin wanda aka kai wa hari da yadda yake rubuta shi. Ta auna ƙa'idojin likitancin shari'a da tanade-tanaden dokokin Arewa, ta kuma nuna cewa zurfin rauni da siffarsa su ne alƙali ya fi buƙata, alhali su rahoto ya fi tsallakewa.

Siffar rauni

Rauni iri biyar ne: ƙujewa, kwanciyar jini, fashewar fata, yanka, da suka. Inda aka fi ruɗewa shi ne tsakanin fashewa da yanka. Rotsin da gora ta yi a ka yakan buɗe kamar saran adda, domin fatar na shimfiɗe ne a kan ƙashi. Sai an duba da kyau a ga bakinsa a daddage, da zare-zaren nama da suka haɗa gefe da gefe, abin da kaifi ba ya bari. Likitan da ya rubuta "sara" a nan ya saka wa wanda ake tuhuma makamin da bai riƙe ba. Sanda ko dorina kan bar shati biyu a jere, tsakiyarsu fayau. Rauni a bayan hannu ko a tafi kuwa yakan nuna an yi ƙoƙarin kare kai. A kuma tambayi tarihin tabo, don shatin ƙaho da na sakiya aikin wanzami ne.

Matsalar launi

An daɗe ana ƙiyasta kwanakin kwanciyar jini daga launinta. Langlois da Gresham (1991) sun nuna cewa abin dogaro ɗaya ne kawai: in an ga launin rawaya, raunin ya wuce awa 18. Shi ma a kan farar fata aka gwada. A baƙar fata kwanciyar jini na iya ɓuya gaba ɗaya, sai kumburi da zafi in an taɓa. Saboda haka rashin ganin shati ba hujja ba ne ta cewa ba a yi duka ba, musamman a shaƙe wuya.

Abin da doka ke nema

Sashe na 241 na Kundin Final Kod ya lissafa raunuka masu tsanani, ciki har da karaya, gocewar ƙashi ko haƙori, da raunin da ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. A fiƙihun Malikiyya, wanda jihohi irin su Zamfara suka gina dokokinsu a kai tun 2000, zurfi ne ma'auni. Muliha, wato raunin kai ko fuska da ya tona ƙashi, diyyarta raƙuma 5 ce; munaƙƙila mai gusar da ƙashi, 15; ma'amuma da ta kai ƙwaƙwalwa da ja'ifa da ta shiga ciki, sulusin diyya kowacce. Ke nan rahoton da ya tsaya a "ya ji ciwo a kai" bai amfani kotun da ke aiki da Final Kod ko kotun shari'ar Musulunci ba. Da zarar an ɗinke raunin, amsar ko ƙashi ya bayyana ta tafi.

Rubutawa

A rubuta maganar majinyaci da bakinsa, a ware ta daga abin da ido ya gani. Kowane rauni a ba shi lamba, a auna shi da santimita, a faɗi nisansa daga wata gaɓa sananniya, a zana shi a taswirar jiki, a ɗauki hoto da ma'auni a gefensa bayan samun izini.

Wajen ba da ra'ayi, Ƙa'idar Istanbul ta 1999, wadda aka sabunta a 2022, ta tanadi matakai biyar, daga "bai dace da labarin ba" zuwa "babu wani sanadi sai wannan". An tsara ta ne domin binciken azabtarwa, amma a ganin wannan nazari ta dace da dukan gida da faɗan unguwa. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya karɓi ra'ayin ƙwararre a fanninsa kaɗai, kuma faɗin wanda ya yi dukan ko niyyarsa ba ya cikin fannin likita.