Baƙo da Takarda: Daga Sifawa Zuwa Korar 1983

A wasu biranen Amurka akwai tsarin da ake kira birnin mafaka, wato birnin da hukumarsa ke hana 'yan sandanta da ma'aikatanta taya gwamnatin tarayya farautar baƙin haure, mutanen da suka shiga ƙasa ko suka zauna cikinta ba tare da takardar izini ba. Los Angeles ta fara bin wannan hanya a 1979, San Francisco kuma ta mai da ita doka a 1989. Nijeriya ba ta da irin wannan tsari, domin kundin tsarin mulki ya bar sha'anin shige da fice a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai, ta yadda ƙaramar hukumar Boɗinga ko ta Shagari ba ta da hurumin cewa wane ya zauna, wane ya fita. Sai dai kare baƙo a ƙasar Sakkwato ya girmi takarda nesa ba kusa ba.

Waɗanda suka raya wannan yanki su kansu masu hijira ne. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta bar Ɗegel zuwa Gudu a 1804 saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa, bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 kuma Shehu ya sauka Sifawa wajen 1810, ya zauna yana karantarwa har 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana kusa da shi a Boɗinga. Fiƙihun Malikiyya da suke hukunci da shi ya san abin da ake kira amana, wato alkawarin tsaron rai da dukiya da ake ba wanda ya shigo daga wata ƙasa. A zaman yau da kullum kuwa, nauyin yana wuyan mai masauki: shi ke shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure, ya miƙa masa buta da ƙwaryar fura, sannan ya kai shi gaban mai unguwa ya ce baƙonsa ne, idan kuma baƙon ya ci bashi ya gudu, shi za a tuhuma. Tsarin bai rasa aibi ba, domin wanda ba shi da mai tsaya masa, musamman a zamanin cinikin bayi, yana cikin haɗari babba, amma dai hukuncin yana hannun waɗanda suka ga baƙon ido da ido.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba Illela da Birnin Ƙonni, duk da haka ba ta hana Adarawa zuwa cirani ba, kamar yadda ba ta tare Buzayen da farin 1973 ya koro kudu ba.

Abin lura shi ne, umarnin da ya fi kowanne tsanani a kan baƙi ya fito ne a mulkin ɗan wannan yanki. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925 a gidan Magajin garin, shi ke shugabancin ƙasa lokacin da ministan harkokin cikin gida, Alhaji Ali Baba, ya sanar a ranar 17 ga Janairun 1983 cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya fice cikin mako biyu. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Cadi da Togo da Benin da Kamaru. Dalilan a bayyane suke: farashin man fetur ya faɗi, ayyuka sun ƙafe, zaɓe yana tafe a watan Agusta, ga kuma tabon rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980, wanda jagoransa Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne. Masu kare matakin sukan tuna cewa gwamnatin Gana ta Firayim Minista Busia ta kori 'yan Nijeriya daga ƙasar a 1969, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kawai ta yarje wa baƙo ba tare da biza ba. Ta fuskar doka hujjar tana da ƙarfi, amma wa'adin mako biyu ga mai iyali da haya da 'ya'ya a makaranta gaggawa ce da ba ta da uzuri.

A ƙasar da yawancin talakawa ba su da takardar haihuwa, rarrabe ɗan ƙasa da baƙo yakan koma abin da mai iko ya ga dama, kuma an riga an ga misalinsa tun a Janairun 1980, sa'ad da aka kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno kuma ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, aka tsallakar da shi Cadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da babbar kotun Maiduguri ta soke korar ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa.